Lamba Ɗaya a Kan Gida Biyu

A tsohon ƙauyenmu na bakin gulbin Kwara, cikin ƙasar Ngaski, gida ba ya zama wuri ɗaya. Idan ɗa ya yi aure sai a tura danga gaba kaɗan a kafa masa ɗaki. Idan tsohuwa ta rasu ɗakinta ya zube, sai a shuka kabewa a gurbin. Wanda ke son sabon wuri kuwa ya ɗauki goro ya tafi wurin mai gari, mai gari ya fito da sandarsa ya nuna: daga tsamiyar can zuwa surin can. An gama ke nan. In gara ta matsar da surin, kai da sa'arka. Shi ya sa hanyoyin garinmu suka fi hanjin akuya lanƙwashe-lanƙwashe. Wani baƙo ya taɓa shigowa neman mashaya ta bakin gulbi, ni dai ban ga fitarsa ba har muka tashi.

Gidanmu da na Kawu danga ɗaya ce ta raba su. Kawu ba ƙanen Inna ba ne, ba mu haɗa ko kaza da shi ba, maƙwabci ne kawai, amma da Kawu na buɗe baki na kira shi, matarsa kuma Gwaggo. Shi masunci ne, dogo kamar gwangwalar tuƙa jirgi. Baba manomin albasa ne, gajere, mai faɗi. Baba na ce masa mai tarwaɗa, shi yana ce wa Baba mai albasa, kullum kuma suna gardamar wanda ya fi wani wari. Dangar ta dashi ce, itacen nan da ake yanko reshensa a soka a ƙasa ya kama, sannan a ɗaure karan dawa a jikinsa. Kakana ne ya dasa ta tun Baba na yawo ba wando. A jikinta akwai wata 'yar kafa da ni da ɗiyar Kawu muka huda. Tsarata ce, kuma ita kaɗai ce a duniya take dariya tun kafin in kai ƙarshen labari. Ta kafar nan muke miƙa wa juna ƙanzo da gulma.

Tun shekarar da aka sami 'yancin kai, aka raba mana 'yan tutoci a makaranta, ake cewa za a tare Kwara a Kainji, ruwa ya dawo baya ya cinye garuruwan bakin gulbi. Baba ya ce, "A tare Kwara? Da mi, da faifai?" Aka yi dariya aka koma ban ruwan albasa.

Sai ga wani mutum wata rana da gwangwanin jan fenti da buroshi, yana bin gida gida. Ya tsaya a ƙofa, ya leƙa, ya ƙirga ɗakunan kwana, ya shafa lamba a bango. An tambaye shi, ya ce aikin madatsa ne, za a gina wa mutane sababbin gidaje a tudu. Ba wanda ya yarda. A garinmu ba a taɓa ƙirga abu don a ƙara maka shi ba. Wani da ya dawo daga kasuwar Yelwa ya ce shi da kunnensa ya ji: sabon haraji ne, ƙofa ƙofa, ɗaki ɗaki. Da aka matsa masa a wurin wa ya ji, ya ce wurin mai sayar da igiya. Wannan ya ishi kowa hujja.

Mai fenti yana can ƙarshen gari, Baba ya leƙa ta saman danga.

"Mai tarwaɗa, ƙofa nawa gare mu ni da kai?"

"Biyu mana."

"In babu dangar ga fa?"

Kawu ya dubi dangar daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Can ya ce, "Mai albasa, ashe akwai abu cikin kan nan naka ban da hula."

Inna ta fito da muciya a hannu. "Malam, dangar da mahaifinka ya dasa za ka sare?"

"Dashi ne, ba masallaci ba."

Kafin azahar sun gama. Suka sare itatuwan daidai da ƙasa, suka rufe kututturan da rairayi, Gwaggo ta bi da tsintsiya. Kawu ya toshe ƙofarsa da zana ya shanya komarsa ta kamun kifi a kai, kamar tun kafuwar duniya ba a taɓa wucewa ta nan ba. Sannan Baba ya tuna ana ƙirga ɗakunan kwana. Aka fitar da tabarmata daga ɗakina aka kora awaki ciki. Aka yi wa ɗakin ƙawata haka da tumaki. Ɗakin tsohuwar Kawu, mahaifiyarsa, kuwa aka jibge shi da albasa har bakin ƙofa, tsohuwar tana zaune waje tana tsine wa kowa ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko jariri ba.

Mai fenti ya iso ya tarar da tsakar gida mai faɗin filin idi, ƙofa ɗaya, jama'a kamar ana suna.

"Duk gida ɗaya ne?"

"Awo," in ji Baba. "Wanga ƙanena ne."

Mutumin ya dubi Baba, ya ɗaga kai ya dubi Kawu, ya sake sauko da kai. "Uwa ɗaya uba ɗaya?"

"Nono ɗaya muka sha," in ji Kawu. "Ni ya tafi tsawo, shi ya tafi faɗi."

Ya ƙirga ɗakin kwana uku, ya shafa lamba ɗaya a bangon zaurenmu, ya wuce. Ranar Baba ya yi tafiya kamar wanda ya ci gasar kokawa. Sun ƙi mayar da dangar ma, don kada mai fenti ya dawo ya gani.

Zama ba danga ya yi mana daɗi ni da ƙawata, amma ba kowa ba. Kajin gida biyu suka gauraye har ba mai sanin ƙwan wa yake ci. Inna da Gwaggo, waɗanda suka shekara ashirin suna gaisawa da fara'a ta saman danga, suka gano cewa kowace ba ta iya wanke tukunya ba. Da damina ta sauka kuma sai kututturan nan suka fara tsiro, kore shar, a jere tun daga bangon gabas har na yamma. Baba ya ce a tumɓuke su kada su tona asiri. Inna ta ce aikina ne. To ni Allah bai halicce ni da son fartanya ba. Duk sanda aka yi magana sai in bi in tsinke kawunan da farce in ce na gama. Dashi kuwa in ka tsinke masa kai ɗaya, da uku yake dawowa.

Harajin ƙofa bai zo ba. Abin da ya zo shi ne saƙo cewa a je a ga sabon gari.

Mun tafi da ƙafa, gari guda, har da masu goyo. Abin da na gani a tudun nan bai yi kama da komai da na sani ba. An share daji an daidaita shi. Gidaje na siminti a jere, rufinsu a lanƙwashe kamar an kife jirage, kowane kamar an haifo shi tare da na kusa da shi. Hanya miƙe sambal, in ka tsaya a wannan ƙarshen kana ganin wanda ke soshe-soshe a wancan. A kowace kusurwa an kafa turken siminti. Can gefe 'yan safiyo na leƙa wani abu mai ƙafa uku, ɗaya yana ɗaga wa ɗaya hannu daga nesa kamar surukai.

Mai kula da rabon wani ma'aikaci ne siriri mai tabarau, muna ce masa malamin ƙaura. Ya shimfiɗa taswira a kan teburi, manya suka kewaye shi, ni kuma na kutsa ta ƙarƙashin hammatar mai gari, don tambayoyi sun cika mini ciki.

"Malam, wancan filin da ba kowa fa?"

"Kasuwa ce."

"Ina mutanen?"

"Za su zo. Wancan masallaci, wancan makaranta, can baya maƙabarta."

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa tukuna."

Na jinjina wannan. A garinmu sai abu ya faru ake nema masa wuri. Nan kuwa an ba kowane abu wurinsa tun bai faru ba, har mutuwa an ce mata ga inda za ta zauna. Na ce to hanyar nan ta wace ce? Ya ce ba ta kowa ba ce, kuma ta kowa ce, shi ya sa ba mai tura danga cikinta ko da taki ɗaya. Na ce in yayana ya yi aure fa? Ya ce ya gina a bayan gida, cikin turaku huɗun nan, in wuri ya cika a nema masa fili a ƙarshen layi, an bar wasu don haka. Na ce mai gari fa, sandarsa ta daina aiki? Mai gari ya ja kunnena. Malamin ya yi murmushi ya ce sandar tana nan, sai dai yanzu kafin ta nuna wuri sai ta dubi taswira.

Sannan ya fara kiran lambobi. Kowace lamba da aka shafa a tsohon gari tana da akwati ɗaya a taswira, kowane akwati gida ɗaya ne, da ɗakuna daidai yadda mai fenti ya ƙirga. Aka kira tamu. Aka kai mu. Ƙofa ɗaya, ɗaki uku.

Baba ya shiga ya fito. Ya sake shiga, ko wani ɗakin ya ɓuya a bayan wani. Kawu bai shiga ba. Ya tsaya a hanyar da ba ta kowa ba yana kallon rufin. Mu goma sha wani abu ne, ban da tsohuwa, wadda ita kaɗai sai an ba ta ɗaki biyu, ɗaya nata ɗaya na faɗanta.

A hanyar komawa ba wanda ya yi wa wani ba'a. Washegari Kawu ya zo har zaure, ya yi sallama kamar baƙo, ya zauna.

"Malam," ya ce. Ban taɓa jin ya kira Baba haka ba. "Lambar a bangonka take. Gidan naka ne. Ni in ruwa ya matso zan kwashe iyali mu tafi Shanga wurin surukaina."

"Wurin surukai? Kai da girmanka?"

"To ina zan sa su? Bisa rufi?"

"Ni na kawo shawarar ga."

"Ni kuma na riƙe gatarin."

Ina bayan zaure ina ji. Shanga ba bayan gari ba ce. Wanda ya tafi can da iyali sai dai a gan shi a biki ko a ta'aziyya. Na je na gaya wa ƙawata, na ƙara gishiri yadda na saba, na ce a Shanga sauro sai ya yi sallama kafin ya ɗauki yaro ya tafi da shi. Ba ta yi dariya ba. Wannan ne ya tsorata ni fiye da komai.

Baba ya daina cin tuwo sosai, abin da ba a taɓa gani ba ko a shekarar da ya yi ciwon haƙori. Ya ɗauki goro ya tafi wurin mai gari. Mai gari ya ce shi yanzu ba ya ba da ko wurin ɗaure akuya sai ya kai magana gaba. Ya kai wa uban ƙasa, uban ƙasa ya aika wa malamin ƙaura. Ni abin ya ba ni sha'awa: maganar da da can ake gamawa kafin a tauna goro ɗaya, yanzu sai ta hau jaki ta yi tafiya ta dawo.

Matsalar ita ce ba mu kaɗai muka kai kuka ba. Da gari ya gane lamba gida ce, sai danga ta fara tsirowa ko'ina. Wanda jiya yake gida ɗaya, yau ya zama uku, kowanne da ƙofarsa, duk suna rantsuwa mai fenti ne ya yi kuskure. Wani maƙeri ya raba gidansa huɗu, a kashi na huɗun ba kowa sai jakinsa. Mai gaskiya da mai ƙarya duk suka zama ɗaya. Malamin ƙaura ya aiko cewa zai zo ya gani da idonsa.

Ya zo da hantsi, ya naɗe hannun riga. Dabararsa ba wuya: ya kama danga ya girgiza. Tsohuwar danga ta tsaya, sabuwa ta bi hannunsa. Haka ya ratsa gari dangogi na zubewa a bayansa kamar an yi guguwa, mu yara muna biye muna ƙirgawa da ƙarfi har aka kore mu. Jakin maƙeri ya rasa gidansa a gaban jama'a.

Da ya iso namu ya tsaya yana neman abin girgizawa. Babu.

"Ku ne 'yan'uwan nan, uwa ɗaya uba ɗaya?"

Baba ya gyara hula. "Ranka ya daɗe, mun sake bincikawa. Ashe ba haka ba ne."

"Wa ya gaya muku?"

"Tsohuwa ta tuna."

"Ban haifi wanga gajere ba," in ji tsohuwar Kawu daga inda take zaune. "Da na haife shi da na sani."

Malamin ya danne dariya. Ya ce shi bai zo kama kowa ba, amma kowa a garin nan yana cewa gidansa biyu ne, to mu mene ne shaidarmu? Gwaggo ta nuna murhunta, Inna ta nuna nata. Ya ce duwatsu uku ko yaro ya iya jerawa. Kawu ya yaye zana ya nuna tsohuwar ƙofarsa. Ya ce gida ɗaya ma yana iya yin ƙofa biyu. Mai gari ya ce shi shaida ne. Malamin ya ce, cikin ladabi, yau mai gari ya riga ya yi wa mutum tara shaida har da jaki.

Kawu ya sauke zanar a hankali. Na ga ya dubi Gwaggo, irin kallon da ke nufin a fara ɗaure kaya.

Malamin ya juya zai fita, sai ƙafarsa ta sarƙe da wani abu. Ya duba ƙasa. Ya bi abin da ido, daga bangon gabas har na yamma: tsiron dashi, cunkus, a layi ɗaya, ya raba tsakar gidan biyu. Inna ta ji kunya baƙo ya ga ƙazanta, ta kai hannu ta murɗe mini cinya. "Ba na ce ki tumɓuke su ba, ja'ira?"

"A ba ni fartanya," in ji malamin.

Ya tona gindin ɗaya da kansa. Rairayi ya kauce, ga kututture mai kaurin cinyar Baba, da sawun gatari a kansa, saiwa ta nutse ƙasa. Ya kama ya girgiza. Ko motsi. Ya tona na biyu, ya tsallaka ya tona na can ƙarshe. Ya miƙe yana kakkaɓe hannu.

"Wannan dangar ta girme ni," ya ce. "Wa ya sare ta?"

Baba ya dubi Kawu, Kawu ya dubi sama.

"Gara ce," in ji Baba.

"Gara mai gatari."

"Irin ta bakin gulbi, ranka ya daɗe."

Malamin ya ce ya yarda gida biyu ne. Amma ya ce kada mu yi murna da yawa. Gidajen siminti an gina su daidai da lambobin da aka shafa, magina sun kwashe kayansu sun yi gaba, ba sauran ko ɗaya. Abin da zai iya shi ne ya ba Kawu ɗaya daga filayen ƙarshen layi, waɗanda aka bari don masu aure nan gaba. Turaku huɗu ne kawai da ƙasa a tsakaninsu. Gini sai dai ya yi da hannunsa, kuma cikin turakun.

Kowa ya zuba wa Kawu ido. A Shanga akwai ɗaki a gine yana jiransa. A nan ciyawa ce, ga ruwa yana tafe.

"Malam," ya ce, "ruwan ga in ya zo, ina zai tsaya?"

Malamin ya ce an kafa sanduna masu farin kai a gangaren, nan ne iyakarsa. Daga ƙarshen layin ana hango su.

"Wato in na fito ƙofa ina ganin jirgina."

"Kai za ka fi kowa kusa da shi."

Kawu ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya juya wurin Baba. "Mai albasa, ka iya kwaɓa ƙasa, ko sai cin tuwo?"

Ranar Baba ya cinye malmala uku ya nemi ƙanzo.

Su biyu suka yi ginin, da mu masu ɗebo ruwa. Baba ya taka ƙasa har ƙafarsa ta tsage, yana yi yana cewa da an bi shawararsa tun farko da ba a kai ga haka ba. Ba wanda ya gane wace shawarar yake nufi. Da aka zo kafa danga ya so a ɗan tura ta cikin hanya, taki ɗaya kawai, wa zai gani? Kawu ya ce ya gaji da dabarar mai albasa, a bi turke. Ni kuwa na jira a gode mini, tunda ƙiwuyata ce ta tsayar da gida guda. Har yau ina jira. Inna ta ce in na ƙara faɗa a gaban mutane za ta ba ni ladan da muciya.

Kafin ruwa ya rufe tsohon gari mun koma ni da ƙawata da lauje, muka yanko rassan dashin nan, tsiron da na ƙi tumɓukewa, muka soka su a jikin turakun Kawu. Sun kama. Ruwan kuwa ya zo ya tsaya kusa da sandunan masu farin kai, abin da har yanzu nake son wani ya bayyana mini, don ban ga wanda ya je ya gaya masa ba.

Gidanmu na siminti da rana kamar tanda yake, ƙwai ma in ka ajiye sai ya dahu. Na Kawu na ƙasa ne, sanyi ƙalau, saboda haka a can Baba yake yin azahar har la'asar, suna gardamar wari. Tsakaninmu da su yanzu layi guda ne cur, in Inna ta aike ni ɗebo wuta sai wutar ta mutu a hanya in koma. Mun huda kafa a sabuwar dangar duk da haka. Ga ƙofa a buɗe, amma ni a hanya nake tsayawa, wadda ba ta kowa ba, in sa baki a kafar in kira ta, ita kuma ta miƙo ƙanzo.